Kabarin Haya

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta min. Ni ban taɓa zama a aji ba, da baki nake faɗa wa wayar nan tana rubutawa, kuma huhun da ya sha ƙurar ramin kwal ba ya son gaggawa. Rami ya rufta da ni na fito da ƙafafuna, ba surutunku ne zai kayar da ni ba. Ku gyara zama.

Ranar Talata da hantsi Dursun, abokin aikinmu na rami, ya shiga maƙabartar garin da ɗan ƙaramin akwati a hammata, an shimfiɗa farin ƙyalle a cikinsa. Babbar mota ta riga ta tafi da kayansu. Gidan da ya gina a ƙauyensu can ƙasarsu, bayan garin Yozgat, yana jira. Ranar Asabar shi da matarsa Gulizar za su bar Jamus, barin da ba dawowa.

Abu ɗaya ya rage. Nazli.

'Yarsu ce ta fari, sanyi ya ɗauke ta tana jaririya, suna sababbin zuwa ƙasar nan. Ranar da ya sa ta a ƙasa ya rantse a gaban maza cewa ƙafarsa ba za ta sake taka wurin ba sai ranar da zai zo ya kai ta gida. Ya kuwa riƙe rantsuwar fiye da shekara arba'in. Gulizar ce ke zuwa duk Alhamis.

Rustem, mai shirya gawa na masallacin unguwa, yana biye da shi yana haki. Abi yake ce masa, wato yaya da yarensu.

"Dursun Abi, tun bara nake ce maka mu zo mu duba. Ba a tona kabari a ƙasar nan kamar ana haƙar dankali."

"Rantsuwa na yi, Rustem. Kai matattu ka sani, ba ka san maza ba."

"Izini kaɗai sai ya ci wata guda."

"Ni da na haƙe musu ƙasarsu tun daga ƙarƙashi, ni za su nema wa izinin haƙa taku biyu? Ka dai nuna min mai wurin, ni zan yi masa magana da yarensu."

Bai tambayi hanya ba. Ya san wurin kamar tafin hannunsa, tsakanin famfo da doguwar bishiyar nan mai farin ɓawo. Ya isa. Ya tsaya.

Ba ɗan katakon da ya kafa da hannunsa. Ba ƙananan kaburburan yara da ya bari a jere. Wani baƙin dutse ne a tsaye, faffaɗa, da gicciye a kansa, an kewaye shi da furanni jajaye, ƙasar a jiƙe, ko tsinke babu.

"Mun yi ɓatan kai," in ji Rustem.

"Ban yi ba. Ga famfo, ga bishiya. Karanta min, na bar tabarau a gida."

Rustem ya sunkuya. "Egon. Wani Egon ne, Abi. Dattijo."

Wani ma'aikacin wurin yana wucewa da baro cike da ganye. Dursun ya tare shi, ya buɗe baki, sai Jamusancin ya gudu. Abin da ya iya dama na rami ne: ɗauko, ajiye, yi sauri, kauce. Ya nuna ƙasa, ya nuna akwatin, ya ce "yarinya, yarinyata". Rustem ne ya karɓi zancen. Suka daɗe suna magana, mutumin yana kaɗa kai a hankali.

"Me ya ce?"

"Abi, zo mu zauna a bencin can."

"A tsaye zan ji."

"Ya ce kabari a nan haya ne. Ana ba ka na wasu shekaru, in lokaci ya cika ba wanda ya zo ya sabunta, sai su baje wurin su ba wani. Ya ce an baje layin yaran nan tun kafin ya kama aiki."

"Haya."

"Haka dokarsu take."

"Kamar ɗaki?"

Rustem ya gyaɗa kai.

"To ina suka kai ta?"

"Ba inda suka kai ta. In an samu wani abu sai a ƙara zurfafa shi a nan ƙasa, a sa sabon a kai. Amma ya ce jaririya, bayan wannan shekarun... ba abin da za ka sa a akwatin nan. Kuma ba mai barinka ka taɓa wurin."

Ma'aikacin ya ƙara faɗin wata magana yana murmushi, yana nuna furannin. Rustem ya kau da kai.

"Fassara."

"Ba komai ba ne."

"Rustem, kada ka sa in manta kai ne mai wanke mana gawa."

"Ya ce Egon ɗin nan ya yi sa'a. Danginsa ba sa zuwa, amma akwai wata tsohuwa mai kallabi da ke zuwa duk Alhamis tana ba furanninsa ruwa. Ya ce har kujera yake ajiye mata."

Dursun bai san yadda ya fito daga ƙofar maƙabartar ba.

Ya tarar da Gulizar a falo, zaune a kan bokitin fenti. Mai gidan ya ce sai an mayar masa da bangon fari fat kafin a miƙa makulli, warin fenti ya cika ko'ina. Ba kujera, ba labule. Ta shimfiɗa jarida a ƙasa ta ɗora burodi da zaitun da farin cuku, ga ƙananan kofunan shayi biyu da ta hana a sa a mota.

Ta dubi akwatin, ta dubi fuskarsa. Ta ajiye wuƙar burodin.

"Ka je ke nan."

"Wane ne Egon?"

"Cire takalminka, yanzu na goge ƙasan."

"Hanim, uwargida, tambayarki nake. Wane ne Egon?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Ba ki taɓa ganinsa ba, amma ke ce mai shayar da shi duk Alhamis. Har da kujera. A gaban Rustem na ji wannan. Rustem, wanda kafin la'asar duk gidan shayi sun ji. Matar Dursun tana yi wa kabarin wani ƙato hidima, kabarin 'yarta kuwa an baje shi kamar filin ƙwallo."

"Furannin a kan Egon suke. Ruwan yana wucewa ƙasa."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya dire akwatin a kan jaridar har shayin ya zube.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka rufe raminku."

"Duk wannan lokacin kina dawowa kina ce min kin gaishe ta."

"Ina gaishe ta."

"Kina ji ina faɗa wa duniya zan kai 'yata gida. Kina gani na aika aka haƙa mata wuri kusa da uwata. Na gaya wa liman, na gaya wa mai gari, an sayi rago. Me zan sauka da shi a ƙauye ranar Asabar? Akwati ba kowa? Abu ɗaya na bar miki a ƙasar nan ki kula da shi. Ɗaya. Ni ina ƙarƙashin ƙasa ina cin ƙura, ke kina sama kina shan iska, kika bari aka..."

Tari ya sarƙe shi. Ya dafa bango, fenti ya kama masa tafin hannu. Ta jira har ya lafa. Ba ta tashi ta ba shi ruwa ba, abin da ba ta taɓa fasawa ba.

"Ka gama, Dursun Efendi?"

Duk sanda ta kira shi Efendi, wato ranka ya daɗe, ya san akwai magana.

"Zauna. Ga wani bokitin."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Ka tuna wata ranar Lahadi da falon nan ya cika da abokanka, ana kallon ƙwallo? Kana ba su labarin yadda kai ne kake yi wa shugaban aiki tafinta, in ba ka nan rami ba ya tafiya."

"Na ba da wannan labarin sau da yawa. Kuma gaskiya ne."

"Na shigo da wani ɗan allo kore a cikin jakar cefane. Ƙarami, da ƙafarsa ta ƙarfe. Na ce maka na tarar an kafa shi a kan kabarin Nazli, na tumɓuko shi don ka duba min abin da aka rubuta."

Ya kau da kai zuwa taga.

"Ka karɓa. Ka miƙe hannu da shi nesa, ka ƙanƙance ido kamar malamin asibiti. Ɗanmu Orhan yana nan zaune a bakin ƙofa, lokacin yana makarantar gaba, ya miƙo hannu ya ce, Baba kawo in karanta. Ka doke masa hannu. Ka ce tun yaushe ƙwai ya fara koya wa kaza ƙoto. Mutane suka yi dariya."

"Ban tuna ba."

"Ka tuna. Ka ce min yabo ne. Ka ce Jamusawa suna kafa wannan allon a kan kabarin da ya fi kowanne tsafta. Ka juya ka ce wa abokanka, kun gani, hatta matata lamba take ciyowa a ƙasar nan. Aka tafa min. Na ji kunya na gudu kicin."

Ya zauna a kan bokitin.

"Washegari na mayar da shi na kafa inda na same shi. Duk Alhamis sai na goge shi da tsumma har ya yi ƙyalli. In ruwa ya karkatar da shi in miƙar. Na ga irinsa a kan wasu kaburburan da ciyawa ta cinye, na ce a raina lallai Jamusawan nan ba su iya zaɓe ba. Shekara guda ina goge shi, Dursun. Ina alfahari."

"Me aka rubuta?"

Ta dube shi ido cikin ido.

"Dangin mai wannan kabari su zo ofis."

Daga ƙasan bene ana jin ƙarar motar kwasar shara. Su biyun suka saurare ta har ta wuce.

"Wata Alhamis da bazara na je na tarar da fili. Sun shuka ciyawa. Na yi ta zagaye da butar ban-ruwa a hannuna kamar mahaukaciya. Na durƙusa na fara tona da yatsu, wata tsohuwar Bajamushiya ta zo ta riƙe ni. Ita ta yi min bayani da hannu da ƙafa har na gane. Ta ba ni hankici. Bayan 'yan watanni suka kawo Egon."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"In faɗa maka me?"

"Ki ce min... ki ce ni ne."

"Lokacin aka sallame ku daga rami. Kana zaune a tagar can tun safe har yamma kana kallon titi. Ba aiki, ba huhu. Bakinka ne kaɗai abin da ya rage maka a ƙasar nan. In na karɓe shi me za ka tsaya a kai? Na riga na binne ɗaya."

"Da kin bari Orhan ya karanta a kicin."

"Mijina ya karanta min a gaban mutane. In je in tambayi yaro?"

Ya dubi hannunsa mai farin fenti. Hannun nan ya fasa dutse, ya jawo mutum daga ƙarƙashin baraguzai, mu da muka yi aiki da shi mun shaida.

"Na ɗauka kabari kabari ne," ya ce. "A garinmu kakan kakana yana nan inda aka sa shi. Wa zai zaci ana korar matacce?"

"Ni ma haka na ɗauka."

"Da na ce ban iya ba..."

"Da ka ce."

Ta ɗauki tsumma ta fara goge shayin da ya zube.

Zumbur ya miƙe.

"Akwai shebur a ɗakin ƙasa. Ban sa shi a mota ba."

"Dursun."

"Zan je. Da rana tsaka, kowa ya gani. Su kira 'yan sanda, su kira sojoji. Na shiga inda ya fi wannan zurfi na fito. Ko ɗan yatsa ne zan samo shi. Ko ƙasar wurin ce in cika akwatin nan, in ce wa mutanen ƙauye ita ce, wa zai buɗe?"

"Ka ga? Har yanzu mutanen ƙauye."

"To me kike so in yi? Ki faɗa min, Hanim. Na roƙe ki. Ban taɓa roƙonki komai ba. Na ba da gidan nan, na yi sallama da kowa, an yi min walima a masallaci. Ba ni da ko kujera a ƙasar nan. Ba zan iya tafiya in bar ta a ƙarƙashin baƙo ba, ba zan iya zama ba. Ina zan sa kaina?"

"Kana huci kamar tsohuwar tukunya. Hawan benen nan sai ka huta a kowane hawa. Kafin ka kai ga Egon sai a haƙa naka."

"Sai a haƙa."

"Kuma ba za ka taɓa min furanni ba."

"Furannin Egon."

"Nawa."

Ya tsaya da hannu a kan marfin ƙofa.

Ta ninke tsumman ta ajiye. Ta gyara kallabinta. Ta ɗago ta dube shi, irin duban da bai gani ba tun suna yara a bakin rijiyar ƙauye.

"Bara da kaka na je na tarar da allo kore a kan Egon."

"Shi ma?"

"Shi ma lokacinsa ya cika, ba wanda ya zo masa. Wannan karon ban goge ba. Ban kawo maka ba. Na kira Sevim daga wurin aikinta, na ce ta zo ta raka uwarta ofis."

Sevim ita ce autarsu, tana aure a nan garin.

"Kika ce musu me?"

"Na ce ina son wurin. Suka ce an yarda in ba mai shi. Na sayar da awarwaron aurena."

"Waɗanda kika ce kin ba matar Orhan?"

"Su."

Wani haske ya taso a fuskarsa, ya saki ƙofar ya dawo da sauri.

"To ai shi ke nan. In wurin naki ne, sai mu sa a tona. Ke ce mai iko. Rustem ya nemo izini, in ma wata guda ne sai mu ɗaga tafiyar, mu kwana a gidan Sevim. Hanim, Allah ya yi miki albarka, ashe kin..."

"Ba don a tona a fitar na karɓa ba."

"To don me?"

"Don a tona a saka."

Bai gane ba. Ko kuwa ya gane ya ƙi.

"Da sanyi ya wuce za su ɗauke dutsen Egon. Na roƙa a bar shi har lokacin, mutumin bai yi min komai ba, ya riƙe min wuri. Daga nan kabarin nawa ne, Dursun. Ni za a sa a kanta."

"A tsakiyar masu gicciye?"

"A nan ka sa ta. Allah ya san inda zai same ni."

"Ga wurinki can a ƙauye, kusa da nawa. Na sa an kewaye da dutse. Na dasa itace."

"Na gani a hoto. Ya yi kyau."

"Rustem yana da sunanki a cikin waɗanda za a kai gawarsu gida."

"Na sa ya cire tun bara. Na rantsar da shi kada ya faɗa maka."

"Rustem ya sani?"

"Wannan kaɗai. Ya ɗauka saboda jikoki ne."

Ya juya yana kallon falon, bango fari, ƙusoshin da aka cire hotuna, katifa ɗaya jingine a lungu.

"Kin naɗe kaya da hannunki. Kin naɗe kwanuka a jarida, kin sa aka ɗora keken ɗinkinki a mota. Kin yi wa maƙwabta sallama kina kuka."

"Na naɗe. Duk safiya sai in ce yau zan faɗa masa. Sai in ji ka a waya kana faɗa wa ƙaninka irin ragon da za a yanka. Na ce in ya je ya gani da idonsa, maganar za ta buɗe kanta."

"Za ki zo ki zauna a can, in ajali ya matso a dawo da ke. Ana yi. Jirgi ne kawai."

"Wa zai dawo da ni? Ƙaninka? Kafin gawata ta huce sun sa ni kusa da uwarka. Kuma Alhamis fa? Wa zai je?"

"Sevim."

"Sevim ba ta san ta ba. Ba wanda ya san fuskarta a duniyar nan sai ni da kai. Kai kuma ka yi rantsuwa."

Ya durƙusa a gabanta a kan jaridar, gwiwarsa ta danne zaitun. Dursun, wanda bai durƙusa wa shugaban aiki ba, bai durƙusa wa likita ba.

"Gulizar. Ban iya dafa shayi ba. Ban san inda maganina yake ba. Gidan can hawa uku ne, ni kaɗai zan yi ta jin tarina yana dawo min? Duk abin da na haƙa a ƙasar nan don ranar Asabar na haƙa shi. Kada ki yi min haka."

Ta sa hannu ta kankare busasshen fenti daga yatsansa, a hankali, kamar tana cire wa yaro ƙaya.

"Sevim ta gyara min ɗakin baya. Gado ɗaya ne, amma da faɗi."

"Ni in zauna a gidan suruki? Bayan walima? Bayan na ce wa kowa..."

"Na tambaye su a ofis," ta katse shi. "Na sa Sevim ta maimaita don kada a sake yi min fassarar yabo."

"Kika tambaye su me?"

"Wurin yana ɗaukar mutum biyu."

Ta saki hannunsa.

"Can akwai uwarka da rago da mutanen ƙauye. Nan akwai mu. Ni na gama zaɓa, Dursun Efendi. Saura kai."